Bas ɗin da Mutanen Tudu Suka Ƙi Shiga

Port Ellery, Tasmaniya
9 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Darcy,

Gaisuwa mai yawa, da fatan teku tana yi maka da sauƙi. Allah ya sa wannan takarda ta samu jirgin dako kafin ya bar Karumba, in ba haka ba sai bayan mako biyu za ta iso jirginku, labarin ya riga ya huce. Nan ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Mama tana lafiya, ta ce ka riƙa sa hula.

Das, bas ya fara aiki.

Sai da na ajiye alƙalami na sake karanta layin nan. Shekara takwas ina kafa tebur a ƙofar babban kanti ina roƙon mutane su sa hannu a takardar koke, kai kuma kana wucewa kana yi kamar ba ka san ni ba. Shekara uku kuma ina cikin ƙaramar hukuma a matsayin jami'ar muhalli da sufuri, ina raba kwandunan takin gida, ina canja fitilun titi, ina faɗa da injiniyoyi a kan layin masu keke. Duk wannan hanya ce kawai. Abin da nake nema tun farko shi ne bas tsakanin Tudun Gwangwani da cikin gari. Tun da aka rufe kamfanin kifi mutanenmu suke zube a can, kilomita goma sha huɗu daga likita, wanda ba shi da mota sai ya jira mai tausayi.

Ga shi ya zo. Fari ne mai ratsin kore, da lantarki yake tafiya, kujera ashirin da biyu, sawu shida a rana. Ranar Asabar magajin gari ya yanke ƙyalle, aka ci kek, aka yi hoto. Mama ba ta zo ba, ta ce za ta kai Anti Dragica wurin mai duba ƙafa. Na ji ba daɗi, amma na share.

Ranar Litinin na shiga sawun farko. Direban sunansa Taniela Fifita, mutumin Tonga ne, ƙato mai waƙoƙin coci a baki. Muka hau Tudu, muka zagaye tashoshi huɗu, muka sauko. Ba kowa. Na ce ruwan sama ne. Talata ba kowa. Laraba ya dube ni ta madubi ya ce, "Shugaba, yau ma mu biyu ne, sai Allah na uku." A mako guda sau goma sha ɗaya aka shiga bas ɗin nan, shida daga ciki ni ce.

Abin da ya ɗaure min kai, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ne suka sa hannu daga Tudu. Ban tilasta wa kowa ba. Tsoho Merv har hawaye ya yi a taro yana ba da labarin ranar da ya rasa ganin likitan zuciya don babu mai kai shi. Sunan Mama ne na farko a takardar. To ina suka shiga?

Gwaji aka ba mu. In zuwa ƙarshen Nuwamba ba a samun mutum arba'in a rana, kansiloli za su jefa ƙuri'a a mayar da bas inda aka aro shi, kujerata kuma ta bi shi. Ba kujerar ce ta fi damuna ba. In wannan ya faɗi, sai an shekara ashirin kafin wani ya ƙara furta kalmar bas a garin nan ba a yi masa dariya ba.

Kai ka fi ni sanin mutanen nan, da kai suke zama a kulob. Me na yi ba daidai ba? Lokutan ne? Launin ne? Ni ce?

Ka kula da hannuwanka. Sai na ji daga gare ka.

Yayarka,
Narelle

A jirgi, Tekun Carpentaria
24 ga Agusta

Yaya Nel, Uwar Muhalli, ranki ya daɗe,

Na samu takardarki tare da buhun dankali da man jirgi. Ina gaishe ki, ki gaishe da Mama. Ku kuna kukan sanyi, mu nan ko ƙarfen jirgi mutum ya dafa sai ya bar fata. Jatan lande yana samuwa daidai gwargwado. Hannuwana duk sun tsage, shi ya sa rubutun ya zama kamar na mashayi. Mai dafa mana abinci 'yar Darwin ce, har ruwan shayi tana iya ƙonawa.

Barka da bas. Da gaske nake. Na faɗa wa mutanen jirgi yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana faɗa da gari guda har ta ci, kyaftin ya ce in aiko ki ki yi masa magana da matarsa.

Maganar rashin fasinja, ni masunci ne, me na sani? Mutanen Tudu ba sa gaggawa. Shekara nawa suka yi kafin su yarda da sabon mai gidan mai? Ki ba su lokaci. Ba launin ba ne, ba ke ba ce. Kada dai ki shiga bin gida-gida da takardar tambayoyinki, na san halinki. Musamman ki ƙyale Anti Dragica, ta tsufa.

Akwai abin da nake so ki duba min. Motar Baba, shuɗiyar, ki zagaya ta gefen hagu ki gani ko akwai sabon kwarzane. Ba wani abu ba ne, ina tunanin yi mata fenti ne in na dawo. Kada ki tambayi Mama, ki duba kawai.

Af, yaushe rabonki da shiga motar nan? Tambaya ce kawai.

Ana kira, raga ta taso. Ki ci abinci, ba ganye kaɗai ba.

Naki,
Das

Port Ellery
12 ga Satumba

Darcy,

Ina gaishe ka. Da fatan hannuwan sun yi sauƙi, na sa maka man shafawa a ƙunshin nan.

Ka ce kada in bi gida-gida, na bi. Gida sittin da uku a Asabar biyu. Na dawo na fi da can rikicewa. Kowa yana son bas. "Kai, Nel, ya yi kyau, Allah ya yi miki albarka, shigo ki sha shayi." In na ce to me ya hana a shiga, sai ido ya koma kan silin. Wata ta ce ya cika sammako, na ƙara sawun ƙarfe tara, ba ta zo ba. Wani ya ce ba ya jin ƙararsa, shirun yana ba shi tsoro. Tsoho Merv ya ce gwiwarsa ba za ta hau matakala ba. Bas ɗin ba shi da matakala, Das, durƙusawa yake yi. Kuma a kan tsani na same shi yana share indararo.

Ranar Alhamis na ga abin da har yanzu na kasa ajiye shi a kaina. Ina cikin bas, muka doso tashar da ke gaban tsohon kamfani. Mutum uku a rumfar jira: Anti Dragica, Merv, da wata mai jaka. Taniela ya tsaya, ya buɗe ƙofa, bas ya durƙusa musu kamar raƙumi. Anti Dragica ta ɗaga hannu ta ce, "Ku wuce, 'ya'yana, iska muke sha." A cikin yayyafi. Da muka kai kwana na waiga, sai ga shuɗiyar motar Baba ta tsaya, Mama a sitiyari, duk sun dure a ciki. A rumfar da na yi wata goma sha huɗu ina roƙo kafin a gina ta!

Da yamma na je gida. Kusa da waya akwai wani littafi, na buɗe. Ranaku ne da sunaye, da rubutun Anti Dragica: Litinin wane, Talata wance, har ƙarshen wata. Mama tana miyar kabewa. Na ce, "Mama, ashe ke ce kike kwashe min fasinjoji."

Ta ce, "Fasinjoji? Dragica ce fasinja? Shekara ashirin muna fiɗar kifi a tebur ɗaya."

Na ce, "Sawu nawa kike yi a rana?"

"Uku. Wata rana huɗu. Man motar nawa ne, ba na hukuma ba."

"Ke kika fara sa hannu a takardar nan!"

"Na sa. Bas abu ne mai kyau. Miƙo min gishiri."

Gishirin yana gabanta, tazarar yatsa da hannunta. Haka take yi in tana so ta nuna min har yanzu ni yarinya ce. Na miƙa mata na fita.

Ranar Talata a zaman kansiloli, Kansila Penhall, wanda tun farko yake so a mayar da wurin tashar filin ajiye motoci, ya miƙe ya ce, "Malama Dunstan ta cika alƙawari. Bas ɗinta bai gurɓata iska ba. Iskar ma yake ɗauka ya kai ta gari, ya dawo da ita lafiya." Har magatakarda sai da ta yi dariya. Zan ce uwata ce ta fi ni farin jini?

Ni fa ban gane ba. In haushina take ji, na me? In mutane sun fi son mota, me ya sa suka sa ni wannan wahala? Kuma me ya sa kowa ke kallona da tausayi, kamar wadda aka yi wa rasuwa ba a gaya mata ba?

Na duba motar. Kwarzane biyu dogaye a hagu, madubin kuma da salatif aka ɗaure shi. Na tambaye ta duk da ka hana, ta ce keken sayayya ne ya goge ta. Tambayarka ta biyu kuwa, ka san na sayar da motata shekara bakwai da suka wuce, kuma ba na karɓar ɗauka in keke zai kai ni. Na yi lissafi, ya fi shekara biyu rabona da motar nan.

Kai ba ka taɓa yi wa komai fenti a rayuwarka ba. Me kake ɓoye min?

Ka huta lafiya.

Narelle

A jirgi
27 ga Satumba

Yaya Nel,

Ina gaishe ki. Na gode da man. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Wannan ita ce takarda ta huɗu, uku suna cikin teku.

Mama ba ta gani sosai.

Watan Yuli da na zo hutu, ta ɗauke ni za mu kanti. A danjar kusa da gidan waya ta ce, "Das, ja ce ko kore?" tana dariya kamar wasa. Na ce kore. A ta biyu ta sake tambaya, ba dariya. Na matsa mata har ta yarda na kai ta wurin likitan ido a Launceston. Ke a lokacin kina fama da takardun bas, muka ce miki gidan Kawu Len muka je. Likita ya ce tsakiyar ganin ne ke mutuwa. Gefe-gefe tana gani, amma abin da ta kalla kai tsaye sai ya zama duhu. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu yana bi. Allura za ta rage masa gudu, ba za ta dawo da shi ba. Ya ce ta daina tuƙi. Ta ce masa to, ta gode. Muna fitowa ta riƙe rigata ta sa na rantse da kabarin Baba ba zan gaya miki ba.

Na kasa riƙewa ni kaɗai, na je wurin Anti Dragica. Ta dube ni ta ce, "Sai yau ka sani? Mu shekara guda ke nan."

Littafin da kika gani ba na masu neman a kai su gari ba ne. Na masu zama a kujerar gaba ne. Sun san ko sun shiga ko ba su shiga ba Mama za ta fita da motar nan, don haka suka raba kwanaki kada ta taɓa fita ita kaɗai. Wanda ke gaba shi ne idonta. Yana hira, yana cewa "ga danja ta yi ja," "ga wani zai tsallaka," kamar maganar ce ta kawo. Ita tana yi kamar ita ke taimakonsu, su suna yi kamar ba su da yadda za su yi. Wasu ma ba abin da zai kai su gari. Merv yakan je ya zauna a benci ya dawo.

Suna son bas ɗinki, Yaya. Ba ƙarya suka yi miki ba. Amma duk wanda ya shiga bas, ya bar Beryl Dunstan ita kaɗai a bayan sitiyari. Matar da ta kai rabinsu asibiti haihuwa, ta kai sauran jana'iza. Sauran 'yan Tudu kuma da suka ga manya ba sa shiga, sai suka ɗauka akwai dalili.

Na tambaye ta me ya sa ban da ke. Ta ce, "Nel za ta yi abin da ya dace tun kafin in gama magana." Ki tuna yadda ta zama bayan rasuwar Baba, wata biyar ba ta cire rigar barci ba. Motar nan ce ta tashe ta. Wani ya buga waya yana neman a kai shi, ta miƙe.

Ni kuwa na yi abin da na iya, na gudo teku na bar ki da tambayar kwarzane. Ki zage ni, na cancanta. Ban san abin da ya kamata a yi ba. Da na sani da na yi shi a Yuli.

Ki yafe min. Allah ya ba mu mafita.

Ƙaninki,
Darcy

Port Ellery
15 ga Oktoba

Das,

Ina gaishe ka. Ba zan zage ka ba, ba ni da ƙarfin. Sau uku na karanta takardarka a ofis, na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Gishirin nan, Das. Yana gabanta, na ɗauka wulaƙanci ne.

Mako guda na yi ina kewaye gidan. Alhamis da ta wuce na jingine kekena a shinge na ce, "Mama, ki rage min hanya." Ta ce, "Yau kuma? Duniya ba za ta ƙone ba?" Ranar Merv ce, na ce ya huta, na shiga gaba. Anti Dragica ta shiga baya, ta matso har numfashinta yana taɓa wuyana.

Gangaren Tudu lafiya lau. Hannunta ya san kowace kwana. Har na fara cewa ko kai ne ka zuzuta. Da muka shigo gari na nuna wani allo na ce, "Mama, me aka rubuta can?" Ba ta ko yi jinkiri ba ta ce, "Baxter, kayan gini. Jarrabawa ce?" Baxter ya sayar da shagon nan tun watan Maris. Kantin magani ne yanzu, da ƙaton rubutu kore.

Daga baya Anti Dragica tana ta zuba: "Kai, wannan danja da daɗewa a ja take. Dubi wancan mai babbar mota, ko ina zai shiga?" Ni da aka ce ni ce ido, bakina ya mutu. A shataletalen asibiti wata nas ta taho a kan keke, cikin koren layin da ni na sa aka shafa. Tana gabanmu sosai, tsakiyar gilashi. Mama ba ta rage gudu ba. Anti Dragica ta daka tsawa, "Beryl, tsaya!" Ta taka birki, jakunkuna suka zube. Tsakanin hancin motar da ƙafar matar nan bai kai tsawon hannuna ba. Ta sauke ƙafa, ta dube mu, ta girgiza kai ta wuce.

Mama ta ce, "Na gan ta."

A kanti ta tsaya gaban lemo tana ɗauka tana ajiyewa. Anti Dragica ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan'uwanki mai baki kamar ƙofar gareji ya faɗa miki ko?" Na ce, "Anti, kun kusa kashe mutum yanzu." Ta ce, "Na sani, ina wurin. In kin ƙwace mata mota za ta zauna a kujera ta bi ubanki. In kin bar ta, wata rana ihuna zai makara. Kina tsammani mu mun san amsa? Da mun sani da ba mu shiga gaba ba."

Ni na tuƙo mu gida. Mama ta ba ni makulli ba musu, wai kanta ke ciwo. Washegari Merv ya shiga gaba, suka fita kamar kullum.

Har Taniela ya sani. Da na gaya masa sai ya ce, "Shugaba, ni tun makon farko in na hango shuɗiyar nan nake rage gudu in ba ta fili." Garin nan kaf, ni kaɗai ce ban sani ba. Ni da nake tsayawa gaban kansiloli ina cewa na san abin da mutanen Tudu suke buƙata. Ina da taswira, ina da alƙaluma, ban san uwata ba ta ganin fuskata ba.

Ga inda na tsaya cik. Akwai fom da ake cikewa a kai ofishin lasin in ana shakkar lafiyar direba. Na cike shi, yana cikin aljihun teburina, sa hannu ya rage. In na aika za a karɓe lasinta, mutanen Tudu su sami 'yanci, bas ya cika, aikina ya tsira. Ka ga matsalar? Kowa zai ce na sayar da uwata don in cika kujera ashirin da biyu. Maganar mutane ba ta dame ni kamar tawa ba: in na ɗauki alƙalami sai in tambayi kaina don wa nake yi, don nas ɗin ne ko don in rufe bakin Penhall, kuma wallahi ban sani ba. In kuma na ƙi aikawa don in wanke kaina, to na bar matar da ba ta gani a kan titi saboda ina son in ji ni mutuniyar kirki ce. Ta kowane gefe na juya, kaina nake gani a ciki.

Shugabana yana jiran rahoto a kan dalilin da ya sa bas ba ya samun mutane. Shafi ɗaya na rubuta: ana ci gaba da bincike.

Kada ka wahalar da kanka da amsa, ba za ta iso a kan lokaci ba. Kowace safiya motar nan tana fita. Ka dai yi mana addu'a, in har kana yi.

Yayarka,
Nel

16 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki. Na yi rubutun manya-manya da baƙin alƙalami mai kauri, kin san dalili. Na turo ta ƙarƙashin ƙofa don in na tsaya gabanki zan koma 'yar shekara tara.

Darcy ya gaya min. Kada ki yi fushi da shi, ni na matsa masa.

Ba ki ga nas ɗin nan ba, Mama.

Fom ɗin ofishin lasin yana hannuna. Yau na roƙi shugabana ya ba wani aikin rahoton bas, na cire hannuna daga ciki, duk abin da ƙuri'a ta zama ta zama. Ban sani ba ko hakan ya wanke ni. Ranar Litinin zan sa hannu. Na fi so ki riga ni.

Kin ce nakan yi abin da ya dace tun kafin ki gama magana. Wannan karon ban san wanne ne ya dace ba. Ki gama maganar, ina saurare.

'Yarki,
Narelle

Tudun Gwangwani
18 ga Oktoba

Narelle,

Ina gaishe ki. Dragica ce ke rubutawa, in kin ga maganar banza tata ce.

Ki yaga fom ɗinki. Yau Juma'a na kai musu lasin da kaina. Shekara hamsin da huɗu, ko tara ba a taɓa ci na ba, yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba. Da muka fito na nufi mota, sai Dragica ta ce, ina za ki? Ba wanda ya yi tunanin dawowa. Motar tana can gaban ofishin, ki san yadda za ki yi da ita.

Bas ɗinki muka shigo. Direban yana da ladabi, amma ya rage waƙa. Mu biyar ne. Ban yi miki alƙawarin arba'in ba, ni ba makiyayiya ba ce.

Wa ya gaya miki mutanen Tudu suna zuwa gari ƙarfe bakwai da minti goma? Alhamis ake zuwa, ƙarfe goma, in fansho ya shigo. Tasharki ta uku tana ƙasan gangare, mai sayayya sai ya hau da kaya. Bas ɗin ba ya bi ta maƙabarta, ba ya bi ta kulob. Shekara shida ina kai mutanen nan inda suke zuwa, ba ki taɓa tambayata ba.

Ki zo ranar Lahadi da taswirarki da wannan baƙin alƙalamin, in nuna miki. Zan gasa rago. Ban huce ba tukuna, kuma ban san da wa nake fushi ba, don haka kada ki zo da kuka.

Bas ɗinki ba ya aiki ranar Lahadi. Wannan ma za mu yi maganarsa. Ki hawo kekenki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Beryl